Uwargida, Roba Ba Iri Ɗaya Ba Ce

 Zancenmu na yau a kan wani abu ne da ya cika mana ɗakuna da madafai, har sabo ya sa ba ma ganinsa, watau roba.

Babu macen Kano da ba ta san Bata ba, can inda Fagge ta yi iyaka da Sabon Gari. Da saukarki daga mota, tun kafin ki kai bakin Kasuwar Sabon Gari, ko ki karya ki nufi Singa ko 'Yankura, abin da idonki zai fara cin karo da shi roba ne. Ga bokitai an ɗora wani kan wani, ga baho da buta da kwando, ga silifas a baro, ga kulolin kayan ɗaki, ga kuma yara masu tallar leda suna bin ki a baya. Sunan wurin ma daga takalmi ya samo asali, don kuwa kantin kamfanin Bata ne ya bar masa shi. Shi wannan kamfani wani mai sana'ar takalmi ne, Tomas Bata, ya kafa shi tare da 'yan'uwansa a 1894 a garin Zlin, cikin ƙasar Cek ta yanzu. Da yawa daga cikin iyayenmu da yayyenmu da takalmin Bata suka shiga makarantar firamare. Yau kuwa in kin dubi takalman da aka baza a bakin titin, yawancinsu ko ƙyallen fata babu a jikinsu.

To, abin da ke damuna shi ne mun haɗa dukkan waɗannan kaya mun ba su suna ɗaya. Bokiti roba, robar faro roba, hannun tukunya roba, tiyo roba, faranti roba. Alhali kuwa bambancin da ke tsakaninsu ya kai na gero da shinkafa. Wata tana jure tafasasshen ruwa, wata ruwan shayi ma lanƙwasa ta yake yi. Wata in ta ƙone hayaƙi kawai za ki sha, wata kuwa guba take fitarwa. Mace ba ta sayen atamfa sai ta murza ta, ta duba gefenta, ta tambayi kamfaninta. Me ya sa abin da za ta zuba wa 'ya'yanta abinci a ciki launinsa da arharsa kaɗai take dubawa?

Bari in ɗan yi miki bayanin yadda abin yake, kada kuma ki ce wannan karatun 'yan jami'a ne. Ki ɗauki jigida. Tsakiya guda ɗaya ba komai ba ce, in ta faɗi ƙasa ma da ƙyar a gan ta. Amma in an shirya ɗaruruwa a zare sai ta zama abin da ake ɗaurawa, a lanƙwasa, a naɗe. Haka nan masana suka gano cewa akwai sinadarai da ƙwayoyinsu ƙanana suke kama juna, ɗaya bayan ɗaya, dubbai a jere, har su zama dogon sili wanda ido ba ya gani. Irin wannan sinadari shi suke kira folima, kalmar kuwa daga Girkanci take, ma'anarta mai gaɓoɓi da yawa. Wani Bajamushe mai suna Hermann Staudinger ne ya fito da wannan bayani a 1920, 'yan'uwansa masana suka daɗe suna musa masa, sai a 1953 aka ba shi kyautar Nobel saboda shi.

Kada ki ɗauka baƙon abu ne daga Turai. Kin fi kowa sanin folima, suna ne kawai ba ki sani ba. Yauƙin miyar kuɓewa da na karkashi, dogayen silin nan ne suke jan juna a cikin ruwa. Sa'ad da kika sheƙa tafasasshen ruwa a kan gasara ta yi kauri ta zama koko, sitacin da ke ciki ne ya kumbura, silinsa suka warware suka sarƙe. Auduga folima ce, ƙaro folima ne, gashin kanki da farcenki haka, har da zaren tsamiya da kakanninmu suke saƙa riguna da shi. Ita ma robar asali, ta taya da danƙo, ruwan itace ce, irin wanda ake tatsa a gonakin Sapele da Binin. Da can in rana ta yi zafi sai ta yi danƙo, in sanyi ya zo ta ƙage, sai da wani Ba'amurke, Charles Goodyear, ya dafa ta da farar wuta a 1839 sa'an nan ta zama abin amfani.

Abin da ya zo sabo shi ne mutum ya koyi shirya tasa jigidar da kansa, daga man fetur da iskar gas. Daga gas ɗin ake samar da wata ƙwaya ƙarama, etilin, mai zarra biyu na kabon, watau sinadarin gawayi, da huɗu na haidurojin. In aka matse ta da zafi sai ta kama 'yar'uwarta, ita ma ta kama ta gaba, har a sami foliyetilin. Ma'aikatan kamfanin ICI a Ingila ne suka yi kiciɓis da ita a 1933, ba ma ita suka shiga nema ba. Ita ce ledar da ke hannunki, ita ce ledar fiyawata, ita ce kuma jarkar mai garuwa. Za ki ce yaya abu ɗaya zai zama leda mai laushi kuma ya zama jarka mai tauri? Ai sai ki tuna da kara da ƙaya. Kara miƙaƙƙe ne, in an ɗaure shi dami sai ya matse ya yi ƙarfi. Ƙaya kuwa saboda rassanta ba ta haɗuwa, kullum da sarari a tsakani. Silin jarka miƙaƙƙu ne, na leda masu rassa. A nan Nijeriya akwai masana'antar da ke yin wannan sinadari a Eleme ta Jihar Ribas. Ana kawo shi a buhuna, 'yan ƙwayoyi farare kamar shinkafa, masana'antun Sharaɗa da Bompai da Calawa su narka su zuba a mazubi, ya fito bokiti ko buta.

Akwai kuma wata iri da ba ta narkewa ko kaɗan, kamar baƙin hannun tukunya da makunnin lantarki irin na da. Ita silinta an ɗinke su da juna ta ko'ina kamar raga. Kakide in kin ɗora a wuta zai narke, in ya huce ya daskare, ki sake narka shi gobe. Ƙwai kuwa in ya dahu ya dahu ke nan. To, haka robobin nan biyu suke. Ta farkon irin mai kama da ƙwai ita ce Bakelite, wadda Leo Baekeland ya haɗa a Amurka a 1907.

Yanzu mu shiga madafi, inda maganar ta fi shafarmu.

In kin kifa roba mai kyau za ki ga wata 'yar alama mai kusurwa uku a gindinta, da lamba a ciki, daga 1 zuwa 7. Tun 1988 aka fara sa wannan lamba. Mai lamba 5 ita ce folifurofilin, ba ta narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 160, alhali ruwa a digiri 100 yake tafasa, saboda haka ita ce ta fi dacewa da abinci mai ɗumi. Mai lamba 2 ita ce irin ta jarka, ba laifi a ajiye ruwa ko mai a cikinta. Mai lamba 1 ita ce gorar ruwa da lemo, wadda tun daga wajen digiri 70 take fara saki. Gwada zuba mata tafasasshen ruwa ki ga yadda za ta ƙanƙance ta karkace. Leda lamba 4 ce, tana narkewa daga digiri 105 zuwa 115. Farar robar nan mai kama da kumfa da ake zuba shinkafar biki a ciki lamba 6 ce, ba ta son zafi, ba ta kuma son mai. Lamba 3 kuwa, watau PVC, ta bututun ruwa ce da tiyo da rigar wayar lantarki da ledar tsakar ɗaki, ba ta da hurumi a wajen abinci mai zafi.

To, ki riƙe lissafin nan ki dubi mai ƙosai ko mai awara. Man suya yana kaiwa digiri 170 zuwa 190. A tsamo ƙosai daga kasko, ko tsanewa bai gama yi ba, a jefa shi a leda. Sau nawa kika buɗe kika tarar ledar ta yamutse ta manne a jikinsa? Wannan ba ya bukatar wani dogon bincike, narkewa ta yi, kuma yaro ba ya tsayawa ɓarewa.

Sai kuma alala da tuwo. A da gwangwanin madara ake wankewa a shafa mai a zuba ƙullun alala, tuwo kuma a kwashe shi da mara a malmala a akushi ko a kwano. Yau an wayi gari ko a gidan sarauta sai ki ga malmala a naɗe cikin leda an jera a kula, wai don kada ta bushe, wai kuma ta fi kyan gani. Koko a leda, miya a leda, alala kuwa a cikin ledar ma ake dafa ta, ta yi kusan awa guda tana tafasa. A nan ina so in yi adalci, domin an sha yaɗa cewa wai dafa alala a leda yana haifar da gubar nan dayoksin. Wannan ba daidai ba ne. Ita dayoksin galibi sai an ƙona abu mai sinadarin kulorin take samuwa, farar leda kuwa ba ta da kulorin, kuma tafasa ba ƙuna ba ce. Ba na son a tsorata mata da abin da ba haka yake ba, don ranar da suka gane ƙarya ce har gaskiyar ma za su watsar.

Gaskiyar kuwa ita ce ba a yin roba zalla. Ana zuba mata launi, da abin da zai sa ta santsi, da abin da zai hana rana cinye ta. Waɗannan ƙananan sinadarai ba a ɗaure suke a jikin silin ba, suna zaune ne a tsakaninsa kamar gishiri a cikin tuwo, kuma abu uku ne ke fito da su, zafi da mai da tsami. Alala ta haɗa biyu, miyar tumatir ta haɗa ukun duka. Baƙar leda ta fi muni, domin sau da yawa da tsofaffin robobi ake yin ta, waɗanda 'yan jari-bola suka tsinto aka niƙa aka narka, baƙin launin kuma shi ke rufe asirin abin da aka gauraya. Wa ya san abin da robar ta ɗauka a rayuwarta ta farko? Ban da haka, roba tana zubar da 'yan ɓurɓushi da ido ba ya gani, zafi kuma yana ƙara yawansu. A 2022 masu bincike a Holan sun sami irin wannan ɓurɓushi a cikin jinin mutane, wasu kuma a Italiya suka same shi a ruwan nonon mata masu shayarwa. Likitoci suna nan suna auna irin illar da yake yi wa jiki. Ni dai a ganina mai hankali ba ta jiran a gama aunawa, tun da maganin abin ba tsada gare shi ba. Gwangwani yana nan, ƙananan kwanonin silba suna nan a Bata ɗin, kuma maƙwabtanmu Yarabawa na Sabon Gari har gobe da ganye suke naɗe alalarsu, kowa kuwa ya ci ya san ta fi ƙamshi.

Uwar jariri kuma ta kula da bulumboti. Akwai wata roba mai tauri, garau kamar gilashi, da ake yi da wani sinadari mai suna BPA, wanda yake kwaikwayon sinadarin jikin mace. Ƙasashen Tarayyar Turai sun hana yin bulumboti da ita tun 2011, Amurka ta bi baya a 2012. In dole sai an yi amfani da bulumboti, a nemi na gilashi ko mai lamba 5, in kuma ya dushe ko ya yi zane-zane a ciki a jefar. Kofi da cokali ma sun fi shi sauƙin wankewa. Haka nan farantan nan masu kama da tangaran amma ba sa fashewa, da ake cika wa amare kabad da su, melamin ne. Hukumar da ke auna haɗarin abinci a Jamus ta ce babu damuwa a ci abinci a cikinsu muddin zafin bai wuce digiri 70 ba, amma kada a dafa a ciki, kada a sa su a na'urar ɗumama abinci, kada kuma a bar ludayinsu a cikin tukunya tana tafasa.

Duk wannan mai sauƙi ne a kan hura wuta da leda. Wannan ɗabi'a ta zama ruwan dare tun da kananzir ya yi tsada. Da asuba sai ki ga mace ta tsuguna gaban kurfoti, ta cusa leda ko guntun silifas ko fasasshen bokiti a ƙarƙashin gawayi, ta ƙyasta ashana, ta sunkuya tana hurawa da baki, ga goyo a bayanta. Haba 'yar'uwa! Baƙin hayaƙin nan mai ɗaci a maƙogwaro kai tsaye huhunki yake shiga, da na jaririn da huhunsa bai gama ƙwari ba. In kuwa abin da kika cusa ɗin PVC ne, kamar guntun ledar ɗaki ko tiyo ko wasu takalman roba, to, nan ne dayoksin ɗin gaske take, tare da iska mai ƙona ido da ƙirji, domin fiye da rabin nauyin PVC zalla kulorin ne. Tun 1997 hukumar binciken ciwon daji ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa mafi munin dayoksin a jerin abubuwan da aka tabbatar suna jawo wa mutum ciwon daji. Ba ta fita daga jiki da wuri, a kitse take zama shekara da shekaru, tana kuma bin ruwan nono. Ƙirare da totuwar masara da ɓawon gyaɗa da tsohuwar takarda duk suna kama gawayi, sai dai a ƙara haƙurin minti biyar. Haka nan masu babbake ƙafar sa da ganda da tsohuwar taya, in kin ji warin taya a jikin nama ki bar musu kayansu.

Daga wuta sai tufafi, don su ma roba ta shige su. Nailan, wanda Wallace Carothers ya haɗa a kamfanin DuPont na Amurka a 1935, da foliyesta, wadda aka haɗa a Ingila a 1941 aka sa mata suna terilin, duk folima ne na man fetur. Ita foliyesta ma da gorar ruwa mai lamba 1 uwarsu ɗaya ubansu ɗaya, har gorunan ake narkawa a ja zare da su. Ba sa yamutsewa, suna bushewa da wuri, ga arha, shi ya sa hijabai da gyale da leshi da atamfa mai sauƙin kuɗi a Kantin Kwari galibi su ne. Amma halinsu a gaban wuta daban yake da na auduga. Auduga ci take yi ta zama toka. Nailan da foliyesta narkewa suke yi su manne a fata suna ci gaba da ƙuna, rauninsu ya yi zurfi. Saboda haka zurmemen hijabi mai jan ƙasa ba kayan shiga madafi ba ne, balle gaban gas ko risho, kuma 'yan mata masu suyar awara a bakin titi su ne suka fi bukatar a gaya musu. In tsautsayi ya faɗa, kada a yi gudu, a kwanta a yi birgima ko a lulluɓe da bargo mai kauri, sa'an nan a yi ta kwarara ruwa mai sanyi a wurin har minti 20. Kada a fizge ƙyallen da ya manne, kada a shafa man goge baki ko ƙwai ko manja, a tafi asibiti. Katifar soso ita ma haka take, tana kamawa nan da nan, hayaƙinta kuma yana kashewa tun kafin harshen wuta ya iso, don haka kasko da maganin sauro mai hayaƙi su yi nesa da gado.

In kina so ki san ko yadin da aka sayar miki auduga ne, zaro zare biyu ko uku daga gefe ki kusanta su da ashana. In ya yi warin ƙonanniyar takarda ya bar toka mai laushi, auduga ce. In ya nannaɗe ya dunƙule ya zama ɗan baƙin dutse mai tauri, roba kika saya, ko da me mai kanti ya rantse.

Wani abin kuma shi ne son tsohuwar roba. Mu mata ba ma iya jefar da bokitin fenti ko jarka, sai mu ce ai in an wanke shi ke nan. Amma roba tana shan abin da aka zuba mata, ba ki ga yadda robar da ta taɓa manja ko kananzir ba ta rabuwa da launi da wari ba? Jarkar da ta ɗauki maganin feshi na gona ko fiya-fiya ba ta komawa ta ruwan sha ko ta man gyaɗa, ko da sabulu nawa aka wanke ta. Masu zoɓo da kunun aya kuma, waɗanda da yawansu 'yan'uwanmu ne masu neman na cefane daga cikin gida, matsalar gorunansu ba ta sinadari ba ce, ta ƙazanta ce. Gorar da yaro ya tsinto a tasha ko a bola, ba a san bakin da ya sha ba, ɗauraya da ruwa ɗaya ba ta isa ba. A wanke da sabulu da buroshi har murfin, a kife ta bushe, in hali ya yi a sayi sababbi a ƙara kuɗin a kan kaya.

Kada wata ta ji duk wannan ta ce na tsani roba. Ina! Wadda ta taɓa ɗaukar tulu a ka daga rijiya, ko ta ga yadda garwar ƙarfe ke tsatsa tana yanke hannu, ta san abin da jarka ta yi mana. Har yanzu mai garuwa muke cewa, alhali garwar ta daɗe da tafiya. Sirinjin da ake yi wa mutum ɗaya allura a jefar ya raba mu da cututtukan da allurar haɗaka take yaɗawa. Ledar jini da ta ƙarin ruwa sun ceci matan da ba su ƙirguwa a ɗakin haihuwa. Gidan sauro mai magani zaren roba ne. Garin da ke cikin famfas ɗin jariri da wasu audugar mata, mai shanye ruwa ya zama kamar kamu, shi ma folima ne. Talaka da ba ya iya sayen takalmin fata ya sami silifas ya daina taka ƙaya. Abin da ya yi wannan aiki ba a yi masa butulci.

Sai dai ƙarfin nan nata da muke yabo shi ne kuma masifarta. Ƙwayoyin halittar da ke ruɓar da ganye da takarda ba su san yadda za su tsinka silin leda ba. Rana tana farfasa ta ne kawai ta zama gutsattsari, amma tana nan. A 1950 robar da duniya duka ta yi ba ta wuce tan miliyan 2 ba, a 2019 kuwa ta kai tan miliyan 460, kuma kashi 9 cikin 100 kacal na shararta ake sake sarrafawa. Sauran fa? Leƙa kwatar da ke gefen titi a Bata, ko ki bi ta Jakara, za ki ga inda rabonmu yake. Ledar fiyawata, wadda ta yaɗu a shekarun 1990, ita da baƙar leda su ne ke toshe magudanan ruwa. Da damina ta sauka sai ruwa ya rasa hanya ya shiga shaguna da gidaje, wanda ya kwanta kuma ya zama gidan sauro. Ki tambayi kowane mahauci abin da yake tararwa a tumbin akuyar da ta yi kiwon bola. Mace ta yi wata shida tana turka tunkiya don Salla, ta ga tana ramewa ga ciki a kumbure, ta yi ta sayen dusa da magani, ashe leda ce ta cika tumbin.

Wasu ƙasashe sun ɗauki matakin hani. Ruwanda ta hana leda a 2008, Kenya a 2017, maƙwabciyarmu Nijar ta yi tata dokar a 2014, Jihar Legas kuma ta hana farar robar abinci mai kama da kumfa a Janairun 2024. Wadda ta je Maraɗi ko Damagaram bayan dokar ta ga leda ba ta ɓace ba, wannan kuwa ya isa ya nuna cewa rubuta doka daban, samar wa mutane madadi daban. Ni ba na goyon bayan a wayi gari a aiko ma'aikata su kifar da tiren yarinya mai tallar alala, alhali masana'antar da ta yi ledar tana nan tana aiki dare da rana. In za a fara, a fara daga sama. A tilasta wa kowace masana'anta a Kano ta buga lamba da sunanta a gindin duk robar da ta fitar, don da yawa daga cikin na kasuwa babu ko ɗaya a jikinsu. Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993 don kula da abinci da magani, ta sa ido a kan abin da ake zuba abincin a ciki kamar yadda take sa ido a kan abincin. Masu yin fiyawata kuma a ɗora musu nauyin sayen ledarsu daga hannun masu tsinta, tun da ana narka ta a yi wasu kayan da ita. Da zarar leda ta zama kuɗi, ba za ki ƙara ganinta a kwata ba, kamar yadda ba kya ganin guntun ƙarfe ko tsohuwar tukunyar dalma a yashe.

Kafin hukuma ta motsa, kuɗin cefane a hannunmu yake, kuma ɗan kasuwa abin da ake tambaya shi yake sarowa. Uwar amarya da za ta shiga Bata haɗa kayan ɗaki ta riƙa kifa kowace roba tana duba gindinta, ta shinshina ta, in tana warin taya ko kananzir ta ajiye, ta zaɓi kular da cikinta ƙarfe ne. Mai zuwa cefane ta tafi da kwandonta ko bakko, kada ta dawo da leda goma saboda tumatir da albasa da attaruhu. In kuma kin aiki yaro sayen koko ko ƙosai gobe da safe, miƙa masa kwano mai murfi.